Ramin Notin da Clovis Arceneaux Ya Kasa Haɗawa

A shekarar 1956 ne, cikin watan Maris, Orval Tackett ya fara ɗora ido a kan Clovis Arceneaux. Ana gina gadar ƙarfe a kan wani kogi a kudancin Louisiana. Orval mutumin tsaunukan Kentucky ne, dogo, siriri, magana ba ta dame shi ba, shekararsa talatin da tara, goma sha bakwai daga ciki a sama ya yi su yana haɗa ƙarfe. Clovis kuwa ɗan masunta ne daga cikin fadama, gajere mai faɗin kafaɗa, ɗan shekara ashirin da biyar. Ya bar jirgin kamun jatan lande na mahaifinsa ne domin ya yi aure, jirgin kuma ba zai ciyar da gida biyu ba.

Ranarsa ta huɗu a kan gadar, saura 'yan mintoci a busa usur ɗin cin abinci, Clovis ya yi abin da ake hana sabon shiga, ya kalli ruwa. Ƙafa casa'in ce tsakaninsa da kogin, kogin kuma yana gudu. Duk wanda ya zuba wa ruwa mai gudu ido daga sama, gani zai yi kamar ruwan ne a tsaye, gadar ce ke tafiya da shi. Clovis ya kwanta rub da ciki a kan azarar ƙarfen, ya rungume ta hannu da ƙafa, ya rufe ido. A sana'armu cewa ake ƙarfe ya riƙe mutum. Hukuncinsa ɗaya ne a wancan zamani: a ɓamɓare masa yatsu, a sauko da shi cikin kwando, a sallame shi, labarin kuma ya riga shi isa kowane wurin aiki daga nan har Texas.

Orval kaɗai ya gani, sauran duk sun fara sauka. Ya tako a hankali, ya zauna kusa da kan mutumin, ya saki ƙafafu kamar mai hutawa a bakin shago.

"Kai ɗan fadama, an ce kun iya miyar jatan lande. Me ake fara sawa a tukunya?"

Clovis ya ƙara matse azarar, Orval ya ci gaba.

"Ni dai matata ruwa take fara zubawa."

"Ruwa?" in ji Clovis, fuskarsa na manne da ƙarfe. "Wa ke fara zuba ruwa? Mai ake sawa, da gari."

Orval ya ce bai gane ba, a yi masa dalla-dalla. Clovis ya bayyana yadda ake juya garin cikin mai har ya yi ja kamar tsohon kwabo, sai albasa, sai tattasai. Kafin a kai ga zuba jatan landen ya buɗe ido, kafin a sauke tukunya ya tashi zaune. Minti ashirin da biyu abin ya ɗauka, Orval ya duba agogo. Da suka sauko heluma, wato shugaban ma'aikata, ya tambayi abin da ya tsare su, Orval ya ce bel ɗin sabon ne ya maƙale a kan noti, sai da aka warware. Daga nan maganar ta mutu.

Orval ya ɗauke shi abokin aiki. Masu haɗi biyu-biyu suke aiki: ƙugiyar injin ɗaga kaya ta ɗago azara, kowa ya kama kan da ke wajensa, ya zura tsinin sifanarsa cikin ramin noti har ramukan azara da na ginshiƙi su daidaita, ya sa noti biyu, sannan ɗayansu ya taka zuwa tsakiya ya kwance igiya. Orval ya koya masa duk abin da ya sani, bai rage ba. Kada ka kalli ruwa, kada ka kalli gajimare, ka kalli inda ƙafarka za ta sauka. Azarar da ba ta sami noti biyu a kowane kai ba, ba a taka ta a tsaye, hawanta ake kamar doki a ja gindi, wannan doka ce, ba tsoro ba. Amma in an ɗaure ta, wanda ya ja gindi a kanta ya zama abin dariya har ranar da za a binne shi.

Abin da Orval bai yi tsammani ba shi ne ɗalibin zai wuce shi, ya kuma wuce shi ba tare da ya nuna ya sani ba. Cikin shekara biyu Clovis yana hawan ginshiƙi kamar kurege. Yana da ido: tun azara tana lilo a iska zai gaya maka ko raminta zai haɗu, bai taɓa kuskure ba. Yana aiki yana waƙa da Faransancin mutanensu, masu walda su ɗaga gilashin fuska don su kalle shi. Da can cewa ake "Orval da ɗan fadamarsa." A wata matatar mai a Texas, ranar Talata ta biyu ga Yuni 1959, Orval ya ji wani heluma ya ce, "A kira mini Clovis da wannan dogon nasa." Ya riƙe ranar kamar yadda wasu ke riƙe ranar rasuwar uba.

Ba a ƙarfe kaɗai abin ya tsaya ba. In lokacin abinci ya yi, Orval ya buɗe gwangwaninsa na wake da burodin masara, ya ci shi kaɗai, mutane kuwa sun yanyame Clovis da cokula. Har Verna, matar Orval, sai da ta je wurin matar Clovis ta koyi fara miya da mai da gari. Tun ranar gadar nan Clovis ke kiransa Tsoho, cikin girmamawa. Kalmar ba ta canza ba, muryar ma ba ta canza ba, amma yanzu duk sa'ad da ta fito sai Orval ya ji kamar an taka masa gyambo. Abu ɗaya ke sanyaya masa rai. A duniya shi kaɗai ya taɓa ganin Clovis Arceneaux rungume da ƙarfe, ido rufe. Ya adana wannan kamar wuƙa a kube, in baƙin ciki ya ishe shi ya ɗan zaro ta ya duba kaifinta ya mayar.

A ƙarshen 1963 aikin roka ya kwaso mu duka zuwa wani tsibiri a Florida, su biyun suna ciki. Wanda bai ga tsibirin nan a lokacin ba, ba zai gane shi a hoton yanzu ba. Gonakin lemo ne aka tuge, ƙamshinsu bai gama barin ƙasa ba. Sauro ya fi yashi yawa, kadoji suna shan hantsi a bakin hanyar da manyan motoci ke bi. An zuƙo yashi daga gindin kogi an tara tsauni guda, aka bar shi watanni yana danne ƙasa har ta daina nutsewa, sannan aka kafa turaku, aka zuba kankare dare da rana, aka bar kwari a tsakiyar dandamalin inda wutar rokar za ta bi ta fice. A gefensa hasumiyar za ta tsaya, ƙafa ɗari uku da casa'in da takwas, ta riƙe rokar, ta shayar da ita mai, ta kai mutane har ƙofarta. Orval da Clovis suka sami gidajen tirela a layi ɗaya a Titusville, kullum da asuba su tafi aiki a motar Clovis.

Da hasumiyar ta kai bene na shida aka sauke Orval. Gwiwarsa ta hagu ta fara gardama, helumanmu kuma, Emmett Rusk, mutum ne mai duba agogo. Ya kira shi gefe ya ce ƙasa tana bukatar mai hankali, wanda zai ɗaura wa kowace azara igiya daidai tsakiyarta kada ta tashi a karkace. Orval ya san daɗin baki ne kawai. Aka haɗa Clovis da wani mutumin Ohio.

Wata takwas Orval ya yi a ƙasa. Duk azarar da Clovis ya ɗaure, ta hannunsa ta bi. Ya auna, ya ɗaura igiya, ya ɗaga hannu, ƙugiyar da ke hawa tare da hasumiyar ta ɗauke ta, shi kuma ya tsaya wuya a tanƙware yana kallon wani ɗigo a sama yana karɓarta. Injiniyoyi masu fararen riguna su zo da baƙi, su tsaya dab da shi, su tambaye shi, shi Orval, sunan wancan mutumin na sama. Yakan ce bai sani ba. Ya fara ƙirga kurakuran Clovis, da ya ga ba su taruwa sai ya fara ƙirga na mutumin Ohio yana ɗora wa Clovis.

Wata Lahadi suna dawowa daga coci ya yi ta mita a kan yadda Clovis ke ɗaga murya a waƙa, Verna ta dube shi.

"Orval, mutumin nan me ya yi maka?"

"Ba abin da ya yi mini."

"To shi ne ciwon," in ji ta, ta ci gaba da tafiya.

A farkon Fabrairu 1965 aka kawo azarar ƙarshe. Al'adar masu ƙarfe ce a shafa mata farin fenti, a ajiye ta kan katakai kusa da ƙofa mako guda, duk wanda ya taɓa aikin ya rubuta sunansa. Ranar ɗagawa a ɗaura tuta a kai ɗaya, ƙaramin itace a ɗayan. A arewacin Amurka itacen dawa ake sawa, mu kuwa wani ya tono ɗan dashen lemo daga tsohuwar gona ya sa a gwangwanin fenti. Mutum biyu ake zaɓa su ɗaure ta, ɗaya daga ciki, babban cikinsu, shi ke takawa zuwa tsakiya ya kwance igiya ya ɗaga hula, motoci su yi ta hon. Shekara ashirin da shida Orval yana aikin nan bai taɓa samun wannan ba. Ko dai an tura shi wani aikin kafin a gama, ko akwai wanda ya girme shi. Ga hasumiyar da duniya za ta gani a talabijin, ga shi a ƙasa da igiya a hannu. Ya rubuta sunansa a kan farin fentin, da ƙananan haruffa, can nesa da na Clovis.

Ranar Laraba, ana cin abinci a inuwar wata tirela, Clovis bai sauko ba tukuna, mutane suna ta yabonsa. Rusk zai koma wani aikin, an kuma ce sunan Clovis aka miƙa wa kamfani ya gaje shi. Nan Orval ya zare wuƙarsa. Ya ba da labarin gadar tiryan-tiryan, da shekara, da wata, da tsayin ƙafa casa'in, da minti ashirin da biyu. Da ya gama, Buford mai walda ya fashe da dariya har kofi ya fito masa ta hanci.

"Clovis? Wanda ke ɗaure igiyar takalmi a kan azara mai faɗin tafin hannu? Baba, rana ta dafa maka kai."

"Gobe kuma ka ce kada na tsoron ruwa," in ji wani.

Ba wanda ya yarda. Buford ya dafa kafaɗarsa ya ce ya rage kishi, yana sa furfura. Shekara tara yana wasa wuƙa, ranar da ya zare ta ko tuwo ba ta yanka ba.

Kafin usur ɗin tashi maganar ta kai kunnen Clovis, ba shakka a wannan. Amma da yamma ya buɗe wa Orval ƙofar mota kamar kullum, ya yi ta zancen inda kifi ke cin ƙugiya a bakin gada har suka isa gida. Da ya zage shi da Orval ya sami sauƙi.

Washegari Rusk ya faɗi zaɓinsa: Clovis, da wanda Clovis ya ga dama. Clovis ya ce Orval. Rusk ya ce mutumin ya yi wata takwas bai hau ba, ga gwiwa, ga manyan kamfani za su zo kallo. Clovis ya ce shi dai Tsoho, in ba haka ba a nemi wasu biyun. Kowa ya ce halin kirki ne. Orval kuwa ya ce ramuwa ce: zai kai shi sama ne ya jera shi kusa da kansa, duniya ta ga bambanci. Verna ta ce to ya ƙi mana. Ya ce ko da tarko ne sai ya shiga, domin abin da ke cikin tarkon shi yake nema tun yana saurayi.

Ranar Juma'a, goma sha biyu ga wata, da ƙarfe goma na safe, an jera kujeru a kan dandamali, baƙi sun zauna, masu hoto sun kafa ƙafafun kyamarorinsu. Su biyun suka hau lif har inda ya tsaya, suka bi tsani zuwa benen da ƙugiya take, inda Rusk ya tsaya da mai yi mata alama da hannu. Daga nan kowa ya kama ginshiƙinsa, ƙafa talatin, hannu da ƙafa. Gwiwar Orval ba ta ba shi kunya ba. Ya kai sama ya maƙale ƙafafu ya zauna, yana haki amma ya kai. Tsakaninsa da Clovis ƙafa ashirin da huɗu ce ta iska tsantsa. Ga teku a gabas, ga kogi a yamma, ga mutane a ƙasa kamar an watsa gero.

Azarar ta taso tana juyi a hankali, tuta na kaɗawa, ɗan lemon na rawa a gwangwaninsa. Orval ya kama kanta, ya zura sifana, ramuka suka haɗu, ya sa noti ɗaya, ya sa na biyu. Ya saci kallo ya ga Clovis bai sa ko ɗaya ba tukuna. Daɗi ya kama shi irin wanda ya manta da shi. Cikin wannan daɗin ne ya ɗaga kai ya duba igiyar da zai je ya kwance, idonsa ya zarce ta, ya sauka a kan gajimare.

Farare ne, suna gudu daga teku zuwa tudu. Nan take suka tsaya cik, hasumiyar ce ta fara faɗuwa baya, a hankali, da shi a kanta. Hankalinsa ya gaya masa ƙarya ne, shi ya koya wa mutum ashirin cewa ƙarya ne, amma hannuwansa ba su saurara ba. Suka rungume kan ginshiƙin suka kulle. Ya ce su saki, suka ƙi. Ƙarfe ya riƙe Orval Tackett.

Ya san abin da zai biyo baya, domin ya sha gani. Clovis zai sa notinsa biyu, ya yi kira cewa ta ɗauru, kowa ya jira babba ya miƙe ya taka. In bai miƙe ba, Clovis ya taka da kansa ya kwance igiya ya ɗaga hula, masu madubin hangen nesa a ƙasa su ga dogon nan manne da ginshiƙi, a aiko da kwando. Buford zai ba da labarin har jikokinsa. Ya buɗe ido kaɗan. Clovis yana dubansa, noti a hannu. Dubawa ɗaya ce, ba ta fi ƙiftawa uku ba. Sai ya ga Clovis ya mayar da notin cikin jakar ɗamararsa, ya zaro guduma, ya shiga dukan ƙarfe yana zage-zage da Faransanci.

Rusk ya yi kira daga ƙasa yana tambayar lafiya. Clovis ya leƙa ya ce rami ya ƙi haɗuwa. Rusk ya ce wane irin rami, an auna ta sau uku a ƙasa. Clovis ya ce to ya hau ya gaya mata. Ya ci gaba da duka. Minti biyar, minti goma. Baƙi a ƙasa sun fara fifita da takardun shiri, Rusk ya zagi Clovis, ya zagi fadamar da ta haife shi. Sannan Clovis ya jefa gudumar cikin ɗamara ya ɗaga murya yadda na ƙasa za su ji.

"Tsoho, ramin nan ya fi ƙarfina."

Orval ya ƙara ƙanƙame ginshiƙin, Clovis ya sake kira.

"Ko wannan ne ka ɓoye mini? Shekara tara kana koya mini, ashe ka rage na aljihu."

"Ɗaga ta da sifana," in ji Orval, muryar kamar ba tasa ba.

"Na ɗaga."

"Ba haka ba, jaki. Ta ƙasa."

"Ta ƙasan ma na yi. Na kasa, Tsoho. Zo ka duba mini."

Na kasa. Shekara nawa Orval ya yi yana jiran ya ji wannan kalma daga bakin nan, ya yi mafarkinta, ya tsara amsoshin da zai bayar. Ta shiga kunnensa ta bi jijiya ta sauka har yatsu, ya ji sun yi laushi. Azarar kuma kai ɗaya kawai aka ɗaure, ɗayan sifana ce ke riƙe da shi, doka ta hana a taka ta a tsaye. Duk mai kallo ya san haka. Orval ya saki ginshiƙi da hannu ɗaya, ya saki da ɗayan, ya hau azarar kamar doki ya fara jan gindi. Bai kalli sama ba, bai kalli ƙasa ba, sunayen da ke kan farin fentin yake karantawa ɗaya bayan ɗaya suna wucewa tsakanin cinyoyinsa. Ya kewaye igiya, ya wuce sunan Buford, ya wuce na Rusk, ya iso.

"Matsa," ya ce. "Ba ni noti."

Ya sunkuya ya leƙa. Ramin azara da na ginshiƙi sun hau juna cif, haske na wucewa ta ciki a zagaye kamar sabon kwabo. Ko alamar duka babu a kusa da su, can gefe Clovis ya yi ta dukan ƙarfe har fenti ya ɓare. Orval ya sa notin da yatsa biyu, ya shige kamar an shafa masa mai.

Ya ɗago ya dubi Clovis. Clovis yana gyara wa ɗan lemon zama a gwangwani, bai dube shi ba. Ya dai leƙa ƙasa ya ce da ƙarfi, "Oga Rusk, ta shiga. Hannun tsoho daban ne."

Aka sa na biyu, azara ta ɗauru. Yanzu ba sauran dokar da za ta rufa wa kowa asiri, ƙafa goma sha biyu ce zuwa igiya, a tsaye. Orval ya dafa ƙarfe ya miƙe. Ya kafa ido inda ƙafarsa za ta sauka, a zuciyarsa yana cewa mai, gari, a juya har ya yi ja, albasa, tattasai. A kan jatan lande hannunsa ya taɓa igiya. Ya kwance ta, ya cire hular kwano ya ɗaga. Hon ɗin motoci ya taso daga ƙasa a makare, kamar daga wani gari.

Hoton ya fito a jaridar gari ranar Asabar, dogon mutum a tsaye tsakanin tuta da ɗan itace, da sunansa a ƙasa, an rubuta daidai. Clovis bai shiga hoton ba sai gwiwar hannunsa. Manyan kamfani kuwa sun yi minti goma sha tara a rana suna kallon wanda aka ce zai zama heluma ya kasa haɗa rami ɗaya har sai da tsoho mai ciwon gwiwa ya rarrafa ya taimake shi. Aka ba mutumin Ohio helumancin. Buford ya raɗa wa Clovis suna Makaho, sunan ya bi shi zuwa kowane wurin aiki har ya ajiye sifana a 1978, yana mai haɗi kamar yadda ya fara. In an tsokane shi dariya yake, ya ce ai ramin ne ya raina shi.

Orval bai sake hawa ba. Ranar Litinin da kansa ya je wurin Rusk ya ce ƙasa tana bukatar mai hankali. Wanda ya yi zaton kishin ya warke daga nan bai san Orval ba. Verna ta sa hoton a firam ta rataye, shi kuma ya fi mako ba ya iya zama a inda zai fuskance shi. Da ta matsa masa ya gaya mata abin da ya gani a cikin ramin. Ta ce ai sai ya gode wa Allah da ya ba shi irin wannan aboki.

"Ni minti ashirin da biyu na bayar, da ƙaryar bel," in ji Orval. "Shi sunansa ya bayar. Ko a nan ma sai da ya fi ni."

Sun ci gaba da tafiya aiki a mota ɗaya. Ranar da roka ta farko ta tashi daga gefen hasumiyar, tare suka tsaya a bakin kogi da iyalansu, ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafa, tsuntsaye sun tashi daga fadama kamar hayaƙi. Kowa yana kallon wutar, su biyun suna kallon ko ƙarfensu zai motsa. Bai motsa ba.

Mu sauran ba mu san gaskiyar ba sai bayan an binne Clovis, sa'ad da Orval ya ba da labarin da bakinsa, da rana da sa'a da minti, wannan karon kuma ba wanda ya yi dariya. Ya ce sau ɗaya tak ya yi ƙoƙarin tayar da maganar. A 1981 ne, ya kai wa Clovis ziyara a garinsu cikin fadama, ya same shi a bayan gida gaban tukunya yana juya gari cikin mai. Orval ya zauna a kan bokiti, ya yi gyaran murya sau biyu, ya ce game da ranar azarar nan ta ƙarshe, akwai abin da ya daɗe yana so ya faɗa.

Clovis bai daina juyawa ba.

"Ramin nan bai haɗu ba, Tsoho. Ni ke zaune a kansa." Ya ɗaga ludayi ya duba launin garin. "Miƙo mini albasar nan, kada ya ƙone."